Sharhi kan katunan Turancin asibiti na masu jin Sifaniyanci

Kayan da nake magana a kai tarin katunan hadda ne da ake saya a intanet, a loda su cikin manhajar Anki. An shirya su ne domin masu jin Sifaniyanci waɗanda Turancinsu ya riga ya yi nisa, wato matakin C1 a ma'aunin harsuna na Turai. Duk abin da ke ciki ya shafi cututtukan da ake daɗewa ana fama da su, irin su ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon ƙoda da amosanin gaɓɓai, sai kuma kalmomin walwala da kwanciyar hankali. Na yi aiki da su wajen koyar da manya: ma'aikatan jinya 'yan Sifaniya masu shirin OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, domin neman aiki a Birtaniya, da masu tafinta a asibitocin Amurka. Malamin Turancin da ke karɓar irin waɗannan ɗalibai ta intanet gara ya san abin da zai tarar kafin ya ce wa ɗalibi ya saya.

A gaban kowane kati akwai kalmar Turanci cikin jimla tare da murya, a bayansa kuma ma'anarta da Sifaniyanci. An kasa su uku: sunayen cututtuka da gwaje-gwaje, yadda marar lafiya ke faɗin abin da yake ji, sai ɓangaren walwala.

Kashin farko shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Manyan kalmomin likitanci na Turanci daga Latin da Girkanci suka fito, Sifaniyanci kuwa jikan Latin ne kai tsaye. Wanda ya tashi da "hipertensión" da "osteoporosis" a bakinsa, ka sa shi haddar "hypertension" kamar ka tsaya nuna wa ɗan gari hanyar kasuwa ne. Abin yi shi ne ɗalibi ya shiga wurin duba katuna, ya nemo wannan kashi ta laƙabinsa, ya zaɓe su duka, ya danna Ctrl da J ya dakatar da su. Kada ya goge, domin akwai kaɗan da zai dawo da su, wato sunayen cututtuka da ake taƙaitawa da haruffan farko, waɗanda haruffansu ke canzawa daga harshe zuwa harshe. Cutar toshewar huhu EPOC ce a Madrid, COPD a Landan. VIH kan koma HIV, ERC ta masu ciwon ƙoda ta koma CKD. A takardar asibiti haruffan ake rubutawa, ba cikakken suna ba.

Inda kuɗin mai saye ya halatta shi ne kashi na biyu, musamman katunan kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu alhali ma'anarsu ta sha bamban. Ɗan Sifaniya in ya ce "estoy constipado" mura yake nufi. In ya juya ta "I am constipated" sai a ba shi maganin taurin bayan gida. "Anginas" kumburin maƙogwaro ne da yara kan yi, amma "angina" a kunnen likitan Ingila ciwon ƙirji ne daga zuciya, nan take za a jawo na'urar awon zuciya. "Me molesta la rodilla", gwiwata na damuna, ba a taɓa juya ta da "molest", domin wannan lalata ce da cin zarafi. Akwai kuma "once" da ake rubutawa a jikin kwalbar magani: sau ɗaya a Turanci, goma sha ɗaya a Sifaniyanci. Mai hawan jinin da ya karanta "once daily" da idon harshensa yana cikin haɗari na gaske.

Katin da ya fi kowanne nauyi shi ne na "intoxicado". A 1980, a kudancin Florida, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka ce "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ne ya ɓata masa jiki. Aka ɗauka "intoxicated" suke nufi, maye, aka kama yi masa maganin wanda ƙwaya ta yi wa yawa, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gano, hannuwa da ƙafafu sun shanye, aka sasanta shari'ar a kan dala miliyan 71. Mai katunan ya kawo wannan a taƙaice a bayan katin, kuma ya kyauta, don ba na jin ɗalibi zai karanta ya manta.

Bayan waɗannan sai ƙananan kalmomin aikatau masu jela, inda har ƙwararru ke tuntuɓe. "Pass out" suma ce, "pass away" rasuwa. "Cut down on salt" rage gishiri, "cut out salt" daina shi gaba ɗaya, kuma ga mai ciwon ƙoda bambancin ba ƙarami ba ne. "Wear off" shi ne ƙarfin magani ya sake, "flare up" ciwo ya motsa bayan ya lafa, "keep down" abinci ya zauna a ciki ba a amayar ba. Jimlolin misalin gajeru ne, irin yadda marar lafiya ke magana a gajiye, ba irin na littafi ba. Haka kalmomin ciwo. Mai Sifaniyanci kan tsaya a "it hurts a lot", likita kuwa so yake ya ji irin ciwon: "throbbing" mai zogi yana bugawa, "stabbing" mai suka, "burning" mai raɗaɗi, "dull" mai nauyi da ba ya tashi ba ya sauka, "shooting" mai tsarga ƙafa daga ƙugu zuwa ƙasa. Mai ciwon sugan da jijiyoyin ƙafarsa suka taɓu zai ce "pins and needles" ko "numb", kuma wannan ne ke sa a cire masa safa a duba tafin ƙafa.

Wani abin da na yaba: katunan na haɗa kalmar likita da ta gida. Ma'aikaciyar jinya 'yar Sifaniya "renal insufficiency" ce za ta fara zuwa mata, don haka ake faɗa a harshenta, tsohon da ke kan gado kuwa "kidney failure" ya sani. A ɓangaren magana na OET ana ba ɗalibi rawar takawa da marar lafiya, kuma ana duba ko ya iya sauko da bayani yadda wanda ba likita ba zai gane. Yawan manyan kalmomi a nan ja baya yake jawowa.

Yanzu ga inda aka gaza. Katunan hanya ɗaya suke bi, daga Turanci zuwa Sifaniyanci. Wannan na koyar da ganewa, ba ya koyar da furtawa. Ɗalibi zai ga "wear off" ya gane, amma in yana buƙatarta a tsakiyar magana ba za ta zo ba. Dole a shiga samfurin katin a ƙara na biyu mai juyawa, kuma a yi hakan ga kashi na biyu kaɗai, in ba haka ba aikin ya ninka a banza.

Muryar ta na'ura ce, lafazin Amurka zalla, ba a kuma ware inda harshen mai Sifaniyanci ke sarƙewa ba. Wasula biyar gare shi, don haka "pill" da "peel" ɗaya suke a kunnensa, haka "sick" da "seek". B da V sauti ɗaya ne a wurinsa, sai "bowel" ta rikice da "vowel". Kalma ba ta farawa da S a manne da wani baƙi a harshensa, shi ya sa za ka ji "estroke" da "estomach". Ga haruffan da ba a furtawa a "numb", "pneumonia" da "psoriasis". Duk wannan malami ne zai zauna ya gyara da bakinsa.

Babban giɓin shi ne ma'auni. Babu kati ko ɗaya a kai, alhali rayuwar mai doguwar cuta lissafi ce kullum. Sifaniya da Amurka suna auna sugan jini da mg/dL, Birtaniya da mmol/L. Rabawa ake yi da 18, wato 126 na mai azumin gwaji ya zama 7.0. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, da ake cewa kashi 6.5 cikin ɗari, a Birtaniya 48 za a rubuta. A Sifaniya mutum kan ce awon hawan jininsa "doce ocho", sha biyu da takwas, Turanci kuwa sai an ce 120 bisa 80. Zazzaɓin digiri 38 shi ne 100.4 a Amurka. Dattijon Ingila kuma zai faɗi nauyinsa da "stone", kowane ɗaya kilo 6.35. Haka sunayen magani: paracetamol ya zama acetaminophen a Amurka, salbutamol na masu asma ya zama albuterol. An cakuɗa "GP" (likitan unguwa) da "A&E" (sashen gaggawa) na Birtaniya da "ER" (sashen gaggawa) na Amurka ba tare da alamar wanne ne na ina ba. Bayan katin ma Sifaniyancin Turai ne kawai: "ictus" aka rubuta wa shanyewar ɓarin jiki, ɗan Meziko kuwa "derrame cerebral" ya fi sani.

Kashin walwala siriri ne. Akwai "coping", "pacing", "brain fog", "burnout", amma misalan sun yi kama da tallar wurin motsa jiki. An kuma bar "diabetic" da "suffers from" ba gargaɗi, bayan asibitoci da yawa yanzu sun fi son "person with diabetes", kuma "adherence" ta ture "compliance" wajen maganar shan magani a kan ƙa'ida.

Game da saiti: Anki kan fara da sabbin katuna 20 a rana, wanda a hankali ke tara bita kusan 200 kullum. Mai aikin dare ba zai jure ba, sai ya tsallake kwana biyu, bashi ya taru, ya watsar. A mayar da shi 8 zuwa 10. Katin da aka kasa tunawa sau 8 manhajar kan yi masa alama. Kada a ci gaba da gwagwarmaya da shi, a sake rubuta jimlarsa da cutar da ɗalibin ke gani a wurin aikinsa. Manhajar kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone ne ake biya.

Ga mai shirin OET ko mai tafinta, kashi na biyu kaɗai ya isa dalilin saye, muddin akwai malamin da zai cike lafazi da ma'auni. Marar lafiyar da ke son ya fahimci likitansa kawai ba ya buƙatarsu. Shafin MedlinePlus na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka kyauta ne, yana da ɓangaren Sifaniyanci tun 2002, kuma danna ɗaya ke juya bayanin cuta daga wannan harshe zuwa wancan. Ya buɗe shafin cutarsa a harsunan biyu gefe da gefe, ya kwafi jimlolin da zai buƙata a ganin likita na gaba.