Kafin ka sayi littafin tsohuwar tarakta, duba lambar jikinta

Mutum zai ga an rubuta 35 ko 135 a jikin bonet, ya je ya nemo littafin da ke ɗauke da wannan lamba, ya ɗauka ya gama. A tsofaffin taraktocin Massey Ferguson, wannan lambar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin taraktoci biyu na iya amsa suna ɗaya alhali cikinsu ya sha bamban.

MF 35 da aka ƙera a Coventry ta ƙasar Ingila ta fara fitowa ne da injin gas mai silinda 4 na kamfanin Standard, wanda ake kira 23C, injin da ya yi ƙaurin suna wajen wahalar tashi da safe. A 1959 aka sauya shi da Perkins mai silinda 3. A 1962 kuma 35X ta fito. Can a Amurka, masana'antar Detroit tana fitar da nata 35 ɗin, da yawa da injin fetur na Continental. Wanda ke da Perkins ya sayi littafin Continental zai tarar ana yi masa bayanin fulogi da kafireto, abubuwan da babu su sam a motarsa. Haka 135, wadda ta fito a 1964: ta Ingila daban, ta Amurka daban, kuma ko a cikin na Ingilar an sauya gatarin gaba daga baya. Ita ma 165 ta fara da injin Perkins 203, sannan ta koma 212.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne ɗan farantin ƙarfen da ke kusa da sitiyari. A goge shi da tsumma da ɗan gas, a karanta haruffan da ke gaban lambar. A 35 ta Ingila, SDM na nufin injin 23C, SNM kuma Perkins. Harafin M ɗin nan yana nuna kuloci mai hawa biyu. Sai a duba lambar da aka buga a jikin injin shi kansa, don motar da ta haura shekara 50 tana hannun mutane, mai yiwuwa wani bakanike ya taɓa dasa mata injin wata. Bonet kuwa ba a ma maganarsa, ana sauya shi kamar riga.

Littattafan iri uku ne. Akwai na direba, siriri, mai bayanin yadda ake tuƙi, irin man da za a zuba, lokacin juye da wuraren giris. Akwai na gareji, mai kauri, na kwance inji da ɗaure shi. Akwai na kayan gyara, zane ne kawai da lambobi. Mai tarakta ɗaya ya fara da na direba. Na kayan gyara shi ke biye masa, domin lambar kaya tana raba gardama a shago fiye da kwatance da hannu. Na gareji a bar wa bakanike. Waɗanda ke haɗa samfuri biyar ko shida cikin littafi ɗaya, irin littattafan gyara na I&T da ake bugawa a Amurka, suna da amfani ga wanda ya riga ya san aikin, amma sun fi karkata ga taraktocin Amurka, kuma ba sa koyar da tuƙi.

Abin da ya sa nake nacewa kan na direba shi ne Multi-Power, wato tsarin giya da ke ba direba damar ƙara ko rage gudu da 'yar liba ba tare da taka kuloci ba. Wasu 35X da 135 da 165 suna da shi, wasu babu. A tarakta mai shi, idan libar tana kan ƙaramin gudu (Low), inji ba ya riƙe mota a gangare, sakinta yake yi ta tafi. Yaro ya ɗauko tirela cike da masara ya doshi gangare bai san wannan ba, rai ake magana. Littafin da aka buga don wadda ba ta da wannan tsari ba zai ambaci haɗarin ba ko kaɗan. Batun mai ma haka yake: giya da haidirolik mai ɗaya suke sha a waɗannan motoci, kuma abin da ya dace da tsohuwar 35 ba lallai ya dace da mai birkin da ke jiƙe cikin mai ba.

A wajenmu akwai ƙarin tarko. MF 375 da ta cika gonakin Arewa, da yawa ƙirar kamfanin Millat ce na Lahore a Pakistan, ba ta Coventry ba, kuma littafin ɗaya ba ya maye gurbin na ɗayar.

Na asali ko kwafi? Na asali ya fi kyan hoto, amma da tsada, kuma tsohuwar takarda ba ta jure hannu mai baƙin mai. Sabon bugu na kamfanin AGCO, wanda ya mallaki Massey Ferguson tun 1994, ya fi kwanciyar rai. PDF ya fi araha, sai dai a nemi mai sayarwa ya turo hoton bango, da shafin da ke nuna jerin lambobin da littafin ya ƙunsa, da shafin zanen wayoyin lantarki, don nan ne kwafi marar kyau ke tona kansa. In ya yi daidai, a buga shafin mai da giris a takarda, a sa a leda, a ajiye a akwatin sifana inda direba zai gani kullum.