Rigar leda da jaket mai maganin korar ruwa: abin da wanki ke yi wa kowacce

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: ya sayi jaket ta gwanjo a kasuwar Wunti, da farko ruwa na mirginewa a kanta kamar a ganyen gwaza, amma bayan wanki 2 da omo sai ta fara shan ruwa. Rigar ruwan maƙwabcinsa ɗan acaɓa kuwa, an sha wanke ta, ba ta canza ba.

Malam, kayan ba iri ɗaya ba ne. Ta ɗan acaɓa roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, ta toshe ƙofofin saƙar gaba ɗaya. Omo bai cika damunta ba. Abin da ke kashe ta shi ne rana, ninki a wuri ɗaya, dutsen guga, da ajiye ta a jiƙe cikin leda har ta yi danƙo ta fara ɓarewa. A goge ta da tsumma da ruwan sabulu, a shanya a inuwa, shi ke nan.

Taka kuwa sinadari ne siriri da aka shafa wa kowane zare, shi ya sa iska ke ratsa ta ba ka jiƙewa da gumi. Aikin omo shi ne sa ruwa ya shiga yadi, aikin sinadarin kuma hana shi shiga. In ɗauraya ba ta yi ba, ragowar omon da ta maƙale ita ke jawo ruwa. Sau da yawa maganin yana nan, an dai rufe shi ne. Ƙurar hunturu, man shafawa da gumi su ma haka suke yi, musamman a wuya da hannu, don haka ƙin wankewa ma ba dabara ba ce.

Sake wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 30, da sabulun ruwa cokali 1 a bokiti. Ɗauraye sau 3. Ban da bilic, ban da ruwan tausasa tufafi, ban da burushi, kuma don Allah kada a kai ta wurin masu bugu: gurza ce ke kankare maganin da gaske. In ta bushe, duba takardar da ke ɗinke a ciki. In ta yarda da guga, ɗora ƙyalle a kai ka bi da dutse mai zafi kaɗan, ba tururi. Zafin nan yana farfaɗo da sinadarin. Dutsen gawayi ya yi zafi da yawa, zai ɗaga tef ɗin da ya rufe ɗinki.

Sannan yayyafa ruwa. In ya taru ɗigo-ɗigo, ta farfaɗo. In kafaɗa ta yi duhu ta sha, inda igiyar jaka ke goga, maganin ya ƙare a nan, sai a sayi na fesawa a sake fesa mata tana da tsabta.