P950 ko D500 don tsuntsayen dajin Kakum?

Malam, ka tambaya wace kyamarar Nikon ta fi dacewa da ɗaukar hoton tsuntsaye, P950 ko D500. Tunda dajin Kakum za ka a Ghana, ka ɗauki D500 ɗin da gilashin zuƙowa (lens) na 200-500mm. P950 kuwa ka bar wa mai ita.

Zuƙowa ce ke ruɗin mutane. Da an ce maka P950 tana jawo abu ninki 83, har daidai da 2000mm, sai ka ji kamar magana ta ƙare. To a dajin da itatuwa suka rufe sama ruf, duhu ne abokin gabarka. Da hantsi ma ƙasan dajin kamar an kusa kiran magariba. Tsuntsun na iya zama taku ashirin daga inda kake, amma yana bayan ganye, kuma ba ya zama wuri guda. Sensar P950, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, ƙarama ce ƙwarai, da ka ɗaga ISO (saitin da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a duhu) ya wuce 800 sai hoto ya soma yashi-yashi, gashin tsuntsu ya cakuɗe. Ba ta da nauyi, kilo ɗaya ce, kuma a fili mai rana irin fadamar Haɗeja da Nguru tana taɓukawa. Yabon da zan yi mata ke nan.

Tawa D500 da ita na hau gadar igiyar Kakum da aka rataya tsakanin dogayen bishiyoyi, wadda a wasu wurare ta kai mita 40 daga ƙasa. Mun shirya da ɗan jagora muka shiga da sassafe, kafin motocin 'yan makaranta su iso, don idan suka hau gadar nan ba ta daina lilo. Ina tsaye a dandamalin katakon da aka kewaye bishiya da shi, hazo bai gama washewa ba, sai na ji fuka-fuki suna huci daga bayana. Manyan cilakowa ne na kurmi, baƙaƙe, masu tudu a saman baki, miji da mata. Kafin in gama juyowa kyamarar ta kama na gaba ta riƙe shi, tana harba hoto 10 a daƙiƙa guda. ISO na kan 3200, amma da na duba a masauki har gashin idon macen ya fito. Ɗan jagoran sai da ya ce in tura masa a waya.

Nauyi dai akwai shi. Gilashin kaɗai kilo 2.3 ne, da kyamarar sun haura kilo 3, kuma hawan tudun da zai kai ka bakin gadar zai sa ka san ka ɗauko kaya. Kada ka wahalar da kanka da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ba ya zama a kan gada; sandar mai ƙafa ɗaya ta ishe ka.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. D500 tun 2016 ta fito, an daina ƙera ta, saboda haka ta hannu za ka samu, kuma nan ne 'yan damfara suke cin kasuwa. Duk wanda ya ce maka sabuwa ce dal a kwali, ka ƙara bincike. Ka ɗauki hoto ɗaya da ita ka duba adadin harbin da ta yi. An gina ta ne don ta jure harbi kimanin 200,000. Gilashin kuma ka cire murfinsa gaba da baya, ka haska tocilan wayarka a ciki. In ka ga zare-zare fari kamar yanar gizo-gizo, hunhuna ce, ka ajiye masa abinsa ko da ya rantse gogewa kawai take so. Batirin jabu ma ya yi yawa. Kada ka tura ko sisi kafin ka riƙe kayan a hannunka.

Ka sayi ƙunshin silika masu tsotse laima ka zuba a jakar. Idan ɗakinka a Cape Coast, birnin da ke kusa da dajin, na da na'urar sanyaya ɗaki, kada ka buɗe jakar da zarar ka fito. Ka ba ta kamar rabin awa ta ɗumama, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa daidai lokacin da tsuntsaye suka fi fitowa.