Sabuwa, Landan yus ko gyararriya: wacce waya za ka saya?

Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabuwar iPhone dal a kwali ta fi ƙarfin yawancinmu. In kana da kuɗinta, saya, ba sai na ce komai ba. Wadda wani ya gama mora a nan gida kuwa, ban ba ka shawara ba, sai dai in ka san mai ita ido da ido.

Ni dai Landan yus nake so, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, wadda ba a taɓa kwance ta ba. Gilashinta da batirinta na kamfani ne, kuma ko da ɗan ƙarzuwa a gefenta, wannan bai dame ni ba, don yana nuna ba a sauya mata jiki ba. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ana samun masu kyau, amma sai ka zauna ka duba a tsanake.

Gyararriya ita ce ake yawan cutar mutane da ita. Wadda Apple da kansa ya gyara tana zuwa da garantin shekara ɗaya, amma da wuya ka gan ta a kasuwanninmu. Abin da ya cika kasuwa shi ne wadda aka saka wa gilashi mai arha da sabon baya, tana ƙyalli, a ce maka Landan yus ce.

Batir ne ya fi ci mini rai. An taɓa sayar mini da waya tana nuna lafiyar batir kashi 100, amma caji ba ya kai ta la'asar. Akwai na'urar da ake sauya wannan lambar da ita. Wayar da ta shekara uku a hannun wani, na fi yarda da ita in ta nuna 85. Ka kunna bidiyo na minti goma ka ga yadda cajin ke sauka. Daga iOS 15.2 (iOS ita ce manhajar da ke tafiyar da iPhone), wayar kan nuna a saituna in an sauya mata batir ko gilashi, gwargwadon samfurinta. Ka gwada Face ID (buɗe waya da fuska) da True Tone (daidaita launin gilashi da hasken wurin da kake), ka ga ko suna aiki.

Kada ka ba da ko sisi sai an cire iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita, a gabanka, ka saka layinka ka yi kira. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, a rubuta ta a rasit mai sunan shago. 'Yan sanda suna bin wayar sata da wannan lambar, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa. Mai talla a bakin titi da ya ce sauri yake yi, bar shi ya wuce.