Saƙo daga Ingila ga masu shirin digirin digirgir a Kano

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Tambayar da ta fi yawan zuwa daga gida ita ce ko a yi digirin digirgir a Kano ko a fito waje. Ga yadda abin yake a Ingila, sai ku auna da abin da kuka sani.

Ta fuskar kayan aiki babu haɗi. Jami'a ta riga ta biya kuɗin mujallun ilimi, da lambarka ta ɗalibi za ka sauke maƙala kana ɗakinka ko da tsakar dare ne. Littafin da laburarenku ba shi da shi, ka cike fom a aro maka daga wata jami'ar. Masu kimiyya kuma firizar da ke ajiye samfuri a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili ba ta san ɗauke wuta ba, alhali a gida man janareta ya ƙare dare ɗaya, aikin wata shida ya narke. Sai dai ba ka taɓa ko kwalba sai ka yi horon kiyaye haɗari, kuma duk binciken da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, abin da kan ci makonni. In a Kano za ka tattara bayanan marasa lafiya, izini biyu kake nema: na jami'arka da na gida, misali na kwamitin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayanin da aka tara kafin izini ya fito ba ya shiga kundi, kuma nan mutanenmu ke yawan asarar lokaci.

Abin da ke kayar da mutane shi ne wa'adi. Shekara uku ne, ta huɗu ta kammala rubutu ce. A yawancin jami'o'i, wajen ƙarshen shekarar farko za ka miƙa rahoto ka zauna gaban malamai su tabbatar aikin ya kai matsayin digirgir. Wanda bai gamsar ba a ba shi dama ɗaya ya gyara, in ya sake faɗuwa a mayar da shi MPhil, wato digirin bincike da ke ƙasa da digirgir. A gida yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, kowa ya jira tare. A nan babu wanda zai jira tare da kai, kuma biza na tafiya da kwanan watan kammalawa.

Masu duba aiki galibi biyu ne. Da sunansa za ka kira farfesa, babu ranka ya daɗe, babu durƙuso, amma kada wannan sauƙin ya ruɗe ka. Ba zai neme ka ba, kai ne mai kiran zama, kai ne mai rubuta abin da aka tsayar ka tura masa ta imel. Shirun ladabi da muka tashi da shi, su a wurinsu alama ce ta ka gane. Ka riƙa miƙa rubutu kowane wata ko da bai yi kyau ba, domin wanda ya ce sai ya gama karatu zai fara rubutu yakan wayi gari a shekara ta uku ba shi da babi ko ɗaya.

Kuɗi kuwa, a yi lissafi da fam, ba da naira ba. Waɗanda suka zo da kuɗin aljihu sun ji jiki bayan an saki farashin naira ga kasuwa ta faɗi a Yunin 2023. Ban da kuɗin makaranta, akwai harajin lafiya fam 776 a shekara ga kowane mutum, ana biyan na duk tsawon bizar a dunƙule tun kafin a taso. Aiki awa 20 a mako aka yarda, ba zai riƙe haya da iyali ba. Tun Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, amma mai digirgir yana da dama. Masu injiniyanci da wasu fannonin kimiyya su nemi takardar ATAS, ta tantancewar tsaro daga gwamnatin Birtaniya, da wuri, ba a ba da biza sai da ita.

Kundi yawanci ba ya wuce kalmomi dubu 80 zuwa 100. Ranar kare kundi ba taro ba ne irin namu da ake cika ɗaki: malamai biyu ne, na jami'arka da na wata jami'ar, ƙofa a rufe, awa biyu zuwa uku ana bin aikin shafi-shafi. Mafi yawa ƙananan gyare-gyare ake bayarwa na kamar wata uku, manya kuma wata shida ko fiye. Abin da suka fi tsanantawa a kai shi ne me ka ƙara wa ilimi, da dalilin zaɓen hanyar bincikenka.

A ganinmu, mai nazarin Hausa, tarihi ko kasuwancin Kurmi da Kantin Kwari bai kamata ya raina gida ba, don mutanen da zai tambaya suna Kano, takardun kuma ga Arewa House da gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna. Irin wannan ya yi rajista a Jami'ar Bayero, ya nemi tallafin Commonwealth na raba zama, wanda ke ba shi wata 12 a wata jami'ar Birtaniya ya yi amfani da laburarenta, sannan ya koma gida ya kare kundinsa.