Farar hodar da ka ce in aiko maka daga Holan

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kun wuni lafiya, ya Gombe, ya zafi? A gaida Inna da yara.

Na ji saƙonka cewa kajin sun fara fige gashin juna har da jini, kuma wani ya ce maka a Turai akwai hodar da ake zuba musu su natsu. Gaskiya akwai ta, sunanta tiriftofan, kullum ina ɗaukar buhunanta a kamfanin abincin dabbobin da nake aiki kusa da Barnabel, garin da ya yi suna da kiwon kaji a nan. Amma ka bari in faɗa maka yadda abin yake kafin ka kashe kuɗi.

Ba magani ba ce. Ɗaya ce daga cikin sinadaran da suke haɗuwa su zama furotin, kamar laisin da metiyonin da ka saba saya, kuma jikin kaza ba ya iya yin ta, sai a abinci za ta samu. Da ita ƙwaƙwalwa take yin wani sinadari mai suna serotonin, wanda yake da hannu wajen natsuwa da son cin abinci. Shi ya sa idan ta yi ƙaranci, kaza takan rage ci, ta zama mai masifa. Masara kuwa talaka ce a wannan fanni. Abin da ke cikin dusar waken suya da aka matse mai ya kusa ninka na masara sau 10. To ka duba haɗin da ka ce kana yi tunda wake ya yi tsada: masara, dusa, ɗan tunkuza, waken suya kaɗan don a ce an sa. A nan gizo ke saƙar.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne awo. Motar masara ko ta wake tana shigowa, kafin a sauke sai an ɗebi samfur an saka a na'ura, cikin mintuna ta faɗi furotin da danshin da ke ciki. Kwamfuta ce take lissafa abin da ya rage a cike. Kaza kwata-kwata abin da take buƙata bai wuce kamar kilo 2 na tiriftofan a tan guda na abinci ba, kuma yawancinsa wake ya riga ya kawo. Wanda muke ƙarawa sau da yawa ko rabin kilo bai kai ba. Ka yi tunanin raba wannan a cikin tan guda da shebur a kan siminti, yadda Sale yake juya maka. Wata kazar za ta sha da yawa, wata ko ƙamshi.

Masu kiwon nan suna da nasu dalilin dagewa. Tun 2019 doka ta hana yanke wa kaji masu ƙwai baki a Holan, don haka dole mai gona ya nemi wata dabara. Sannan gwamnati ta matsa musu kan iskar da kashin dabbobi yake fitarwa, sai suka rage furotin a abinci suna cikewa da waɗannan hodojin. Maganin ƙwayoyin cuta ma ba ka shiga shago ka saya kamar gyaɗa, sai da likitan dabbobi. Kowane ƙwai a kanti da lambar gonarsa a jiki. Na tuna buhun da muka saya a wani shago a gida, babu komai a rubuce sai hoton zakara, muka yi wata guda ƙwai yana raguwa, da muka koma mutumin ya ce ai canjin yanayi ne.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Nan babu mai auna maka mudu biyu ya ce ka kawo kuɗin ranar Juma'a. Tanka ce take zuwa ta hura abinci cikin rumbun ƙarfe, ƙaramin mai kiwo irinka ba shi da wurin tsayawa. Naman kuma, Allah ya sani, miyar kazar gida da Inna take yi ta fi shi nesa ba kusa ba.

Shawarata, ka je Tudun Hatsi ka sayi waken suya ka mayar da shi yadda yake a da, amma a gasa shi sosai, ɗanye yana hana narkewar abinci. Ka tambaya ko za a samu irin masarar nan SAMMAZ 14 ta cibiyar bincike ta Samaru, tana da laisin da tiriftofan fiye da ta gama-gari, ko don damina mai zuwa. Ka rage cunkoso, ka rage hasken ƙwan lantarkin nan, ka ware waɗanda aka ji wa ciwo, domin kaza in ta ga ja ba ta haƙura. Ragunan sallah kuwa kada ka ba su hodar ko da ka samu, ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu ne za su cinye ta.

Ka turo min adadin kajin da nauyin kowane abu da kake zubawa, a kilo ba a mudu ba. Akwai wani abokin aikina da yake lissafin haɗi, zan nuna masa ranar Litinin.