Koren fitila a manhaja, ɗigo uku a wayar mai bincike

Na biya kuɗin wannan manhajar SEO (gyaran shafukan intanet don su fito sama a binciken Google) ne don abu ɗaya: ta daidaita mini tsawon bayanin meta, layukan nan biyu da ke fitowa ƙarƙashin sunan shafi a sakamakon Google. Da farko ta burge ni. Kana rubutu, wani layi na cika a ƙasa, ja ya koma ruwan lemo, ya koma kore in ka kusa haruffa 155. Wanda ke da shafuka da yawa zai ji daɗin wannan, ni ma na ji.

Sai na danna maɓallinsu na "gyara duka". Wallahi har yanzu abin na ci mini rai. Duk bayanin da na rubuta gajere, mai faɗin abin da ke cikin shafin kai tsaye, manhajar ta ɗauka ta cusa masa surutu a gaba don ya kai 160. Akwai wanda ya fara da sunan kaya da ranar isarwa, ta mayar da shi "Barka da zuwa, muna farin cikin gabatar muku da mafi inganci..." ta tura ainihin maganar can ƙarshe. Fitila kore shar. Na ɗauki waya na bincika, me zan gani? Gaisuwar ta fito cif, sunan kayan ya yanke, sai ɗigo uku.

Ita haruffa take ƙirgawa, Google kuwa faɗin allo yake aunawa. Harafin m ya fi i cin wuri, kuma a waya yankan yakan zo tun wajen haruffa 120. Manhajar ba ta nuna yadda zai fito a waya sam, alhali nan ne masu nemana suke.

Na rubuta wa masu manhajar. Amsar da suka turo wai dogon bayani na ɗaga shafi sama. Haba! Tun 2009 Google ya faɗa cewa ba ya amfani da bayanin meta wajen jera shafuka. Aikinsa jan hankalin mutum ya danna, shi ke nan. Kuma tsawon ba doka ba ne: a Disamba 2017 an ƙara shi zuwa kusan 320, a Mayun 2018 aka sake rage shi. Sau da yawa ma Google kan ajiye naka ya tsinto jimla daga cikin shafin in ta fi dacewa da tambayar.

Da na so in ba ta tauraro uku saboda tana zaƙulo shafukan da ba su da bayani da masu bayani iri ɗaya, kuma a nan ta yi ƙoƙari. Amma da na tuna babu maɓallin komawa baya, da hannu na sake rubuta komai ɗaya bayan ɗaya, sai na ga biyu ma sun ishe ta. Ban sabunta rajistar ba.